Digiri na biyu a fasahar koyarwa: Zariya, NOUN, ko a zauna a Kano a haɗa da aikin hannu?

Cikin wata guda mutum biyu suka zo mini da tambaya iri ɗaya. Ta farko ɗiyar yayata ce, malamar Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin birni, da aurenta da 'ya'ya biyu. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, ina so in koma karatu, amma ba irin mastas ɗin da za a ajiye a durowa ba. Ina son wanda zai koya mini yadda zan shirya darasi a waya yara su gane." Na biyu wani matashi ne da ke tace bidiyo a wani shago a titin gidan Zoo, digirinsa na farko a kimiyyar kwamfuta. Shi kuma cewa ya yi, "Malam, na gaji da bidiyon biki. Na ji an ce akwai kwas ɗin da ake koyon haɗa kayan koyarwa, ina zan same shi?" Na daɗe ina koyar da ɗaliban NCE wannan fanni, don haka na zauna da kowannensu, kuma amsar da na ba su ba ta zo ɗaya ba.

Kafin maganar jami'a, a san abin da ake shirin shiga. Wasu jami'o'in suna kiransa fasahar ilimi, wasu fasahar koyarwa, a waje kuma za ka ji ana cewa tsara kayan koyarwa na sauti da hoto. Gindinsa ɗaya ne: yadda za a ɗauki abin da ake son mutum ya iya, a tsara shi daki-daki, a zaɓa masa hanyar da ta dace, ko rediyo ce, ko bidiyo, ko takarda, ko manhajar waya, sannan a auna a ga ko ya iya ɗin. Kusan ko'ina da tsarin da ake kira ADDIE ake farawa, wanda aka fitar a Jami'ar Jihar Fulorida ta Amurka a 1975 don horar da sojoji. Matakansa biyar: ka binciki masu koyon da matsalarsu, ka zana darasin, ka ƙera kayan, ka kai aji, ka auna sakamako. Za a haɗa ka da matakan koyarwa tara na Robert Gagné, da ƙa'idojin Richard Mayer, wanda ya nuna cewa mutum ya fi fahimta idan aka haɗa masa hoto da murya, kuma cika allo da rubutun da mai magana yake karantawa kalma da kalma yana rage fahimta. Duk wanda ya taɓa zama a taron bita ana haska masa shafi cike da rubutu ya san gaskiyar wannan.

Mu nan abin ba baƙo ba ne. Iyayenmu sun ga motar majigi tana zuwa ƙofar gidan hakimi da dare ana nuna tsafta da noma, sun ga littattafan Yaƙi da Jahilci da aka riƙa bugawa a Zariya a shekarun 1950. Wannan duk tsara kayan koyarwa ne, kuma waɗanda suka yi shi sun san wa suke yi wa magana. Abin da ya canja yau shi ne majigin ya koma cikin aljihu.

Akwai ƙofar da kowa sai ya bi. Yawancin jami'o'in Najeriya suna neman digiri na farko mai daraja ta biyu, ko da ƙaramar ce, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da cikakken sakamakon da tsohuwar jami'arka za ta aika. Wannan na ƙarshen a fara nemansa da wuri, shi ne yake makarar da mutane. Sannan digirin nan yana ƙarƙashin Tsangayar Ilimi ne, saboda haka wanda bai karanci koyarwa ba sai ya fara yin PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri. Ɗiyar tawa da digirin koyarwa ta fito, ƙofa a buɗe take gare ta. Shi kuwa matashin sai ya ƙara kusan shekara guda, ko a BUK, ko a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Da na faɗa masa haka jikinsa ya yi sanyi. Na ce masa shekarar ba asara ba ce, domin ya iya kyamara amma bai taɓa tsayawa gaban aji ba, kuma PGDE ce za ta ba shi damar rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Hanya ta farko ita ce zuwa jami'ar da ake zama a aji. Mafi kusa da mu da ta yi suna a wannan fanni ita ce Jami'ar Ahmadu Bello, inda fasahar koyarwa take da ɓangarenta a Sashen Tushen Ilimi da Manhaja, a harabar Samaru. Idan aka ƙara nisa akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Ilorin, kowacce da sashe sukutum na fasahar ilimi. Ta Minna ta fi karkata ga malaman kimiyya da na sana'a, Ilorin kuma ta tara malamai da yawa a fannin, amma ga mai iyali a Kano duka biyun ƙaura ce, ba zuwa da dawowa ba.

Abin da zama a aji yake bayarwa ba ƙarami ba ne. Akwai malamin da za ka tsare a ofis ka ce ban gane ba. Akwai abokan karatu daga Katsina, Jigawa, Filato da Neja, waɗanda gobe su ne za su kira ka idan an buɗe gurbi a kwalejinsu. Akwai taron gabatar da takarda, inda za a yi wa aikinka fata-fata a gaban jama'a, ka koma ka gyara, kuma wannan gogewar ba ta samuwa a waya. Mafi muhimmanci, wanda yake hangen zama lakcara ko yin digiri na uku, nan ce hanyar da ta fi miƙewa, domin malaman da suka duba kundinsa su ne za su san shi idan ya dawo. A nan sai a kula da maki: yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar mutum digiri na uku sai ya fito da aƙalla 3.5 cikin 5 a na biyu, kuma da yawa ba sa karɓar mastas na ƙwararru irin wanda ba a rubuta cikakken kundin bincike.

Tsadarsa kuma ba a kuɗin makaranta kaɗai take ba. Zariya kusa ce a baki. Mutum ya yi sallar asuba ya kama mota a Unguwa Uku, cikin awa biyu da wani abu ya isa, amma ya lissafa hakan sau biyu ko uku a mako har zango biyu, da kuɗin mota na yanzu, da ranar da za ka isa a ce an ɗaga lakca. Mafi yawa ƙarshenta ɗaki suke kamawa a Samaru. Ga ma'aikaci kuma sai ya sami izinin tafiya karatu a rubuce daga ma'aikatarsa, kuma ina jan kunne a kan wannan: kada a fara karatu da izinin baki, domin ranar da za a kai takardar a saka a fayil, wannan wasiƙar za a fara tambaya. Sai yajin aiki. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun da a takarda zango uku ne zuwa huɗu ya kai wasu shekara huɗu.

Ni a wata jami'a daban na yi nawa, kuma abin da ya fi ci mini rai ba lakca ba ce, kundi ne. Babina na uku ya kwana wata bakwai a kan teburin mai duba aikina, ba don mugunta ba, ɗalibai ne suka yi masa yawa. Abin da ya fi wannan zafi shi ne da na gama na duba hannuna, sai na ga na iya SPSS, manhajar lissafin sakamakon bincike, na iya fassara alƙaluma, amma ban taɓa haɗa darasin bidiyo guda daga farko har ƙarshe ba. Wannan ciwo ne da ya yaɗu a fannin. Ka buɗe kundaye goma, bakwai kusan take ɗaya ne: tasirin koyarwa da kwamfuta a kan ƙwazon ɗaliban aji kaza a darasi kaza. A raba yara gida biyu, a yi gwajin farko, a koyar mako shida, a yi gwajin ƙarshe. Manhajar da aka yi gwajin da ita kuwa sau da yawa wani aka biya ya haɗa, bayan an kare kundi babu yaron da zai sake ganinta. Binciken yana da amfaninsa, amma wanda ya zo don ya koyi ƙira zai iya fita da takarda babu sana'a.

Hanya ta biyu ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda take ba da digiri na biyu a fasahar ilimi, kuma tana da cibiyar karatu a nan Kano, wajen Sauna da Dakata. An kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Obasanjo. Tsarinta daban ne. Littattafan kwas suna intanet, kai za ka karanta abinka. Akwai aikin gida da ake yi ta kwamfuta mai maki 30, jarrabawa mai maki 70 a cibiya. Ana biyan kuɗi gwargwadon kwasa-kwasan da ka yi wa rajista, kuma yajin aikin ASUU ba ya tsayar da ita. Ga mace irin ɗiyata, da za ta fita makaranta da safe, ta dawo ta ɗora tukunya, ta kai yara Islamiyya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ba ta bar aji ba, ba ta bar gida ba, ba ta kwana a Samaru ba.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Wanda yake karanta fasahar ilimi ta hanyar karatu daga nesa yana cikin abin da yake karantawa ne tsundum. Zai ɗanɗani yadda ɗalibi yake ji idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar darasi, ko littafi ya yi bayani a dunƙule babu wanda za a tambaya. Mai tsara darasi da ya sha wannan wahalar ba zai yi wa wasu irinta ba.

Rauninta ma a fili yake. Kaɗaici ne na farko. Babu wanda zai tambaye ka me ya sa ba ka zo ba, kuma mai sanyin jiki sai ya bari har mako biyu kafin jarrabawa ya hau haddar tsofaffin tambayoyi. Zai ci, amma bai koyi komai ba. Na biyu, aikin hannu yana wuyanka. Babu ɗakin ɗaukar murya da za a kai ka kowane mako a ce ga makirfo, gwada. Na uku, har yanzu akwai masu ɗaukar aiki da suke ɗaga hanci idan suka ga takardar karatu daga nesa, duk da cewa jami'a ce ta Gwamnatin Tarayya da ke ƙarƙashin kulawar hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, kamar sauran. Ban yarda da wannan kallon ba, na yi aiki da waɗanda suka fito daga can sun fi wasu 'yan aji iya aiki, amma wanda zai zaɓa ya san yana nan. Shawarata ga mai tunanin NOUN mai sauƙi ce: tunda littattafanta a buɗe suke, ya sauke biyu na fannin kafin ya sayi fom, ya ba kansa mako biyu. Idan ya iya gama ɗaya shi kaɗai da dare bayan gajiyar aiki, hanyar tasa ce. Idan ya kasa wuce shafi ashirin, ya nemi aji.

Hanya ta uku ba a cika lissafa ta ba, kuma ni ina ganin girmanta. Ita ce a zauna a BUK a ɗauki fannin da yake maƙwabtaka, kamar nazarin manhaja a Tsangayar Ilimi, ko aikin jarida a Tsangayar Sadarwa, wadda take da gidan rediyonta a kan mita 98.9, sannan a karkatar da kundin zuwa kayan koyarwa. Wanda ya rubuta kundi a kan darussan rediyo da aka yi wa yaran Kano lokacin kullen korona a 2020, ya bi gidaje ya ji wa ya saurara, wa bai saurara ba, kuma me ya sa, ya yi aikin da ya fi wasu kundayen fasahar koyarwa amfani. Ana zuwa sabuwar jami'a a titin Gwarzo a dawo gida a ci tuwon dare. Aibinta ɗaya ne, amma babba: sunan da ke kan takardar. Idan kwalejin ilimi ta yi tallar gurbin malamin fasahar ilimi, mai takardar da ta faɗi haka ƙarara shi za a fara kira. Kuma a riƙa duba sanarwar Makarantar Karatun Gaba da Digiri ta kowace shekara, domin ana buɗe sababbin kwasa-kwasai, ana kuma dakatar da wasu.

Ƙasar waje ba zan daɗe a kanta ba. Jami'ar Sains Malaysia da ke Penang tana da cibiya ta musamman ta fasahar koyarwa da sauti da hoto, kuma can ana sa ɗalibi ya ƙera abu da hannunsa sosai. A Amurka, Jami'ar Indiyana da ta Jihar Fulorida su ne iyayen gidan fannin. Amma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 lissafin ya fi ƙarfin malamin makaranta. Hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wadda dama malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai take ɗauka, ta dakatar da tura sababbi waje daga farkon 2025. Tallafin Gwamnatin Kano na mutum 1,001 da aka fara a 2023 na masu daraja ta ɗaya ne. Wanda ya samu ya tafi, Allah ya sa albarka, sai dai ya sani zai koyi ƙira don ajin da wuta ba ta ɗaukewa, idan ya dawo sai ya sake saita tunaninsa.

Wannan ne ya kawo ni kan ma'aunin da nake auna duk hanyoyin da shi. Ajin ɗiyata ya haura yara tamanin. Makarantar tana da majigi guda, yana kulle a ofis, ranar da aka ɗauko shi babu wuta. Lokacin kulle ta gwada tura wa yaran bidiyon zagayawar jini da ta samo a YouTube, kusan babu wadda ta buɗe: da Turancin da ya yi musu sauri, ga nauyi, ga shi wayar ta uwa ce ko ta yaya, sai dare ake ba su aro. Da ta koma tura saƙon murya ta WhatsApp, minti uku, tana bayani da Hausa tana riƙe sunayen kimiyya da Turanci yadda za su gan su a jarrabawa, sai tambayoyi suka fara shigowa har sha ɗayan dare. Ba ta san sunan abin da ta yi ba, amma matakin farko na ADDIE ke nan, sanin mai koyo. Duk kwas ɗin da zai ƙara mata wannan idon, ya kuma ba ta hannu, shi ne nata. Wanda zai sa ta haddace ma'anar fasahar ilimi iri goma ta manta da yaran nan, bai cancanci kuɗin motarta ba.

Kasuwar aiki ma haka take aunawa, gida biyu. Kwalejojin ilimi irin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da jami'o'i takarda suke fara dubawa, da daraja, da maƙalun da aka wallafa. Ƙungiyoyi da shirye-shiryen ilimi kuwa, irin su PLANE da ke aiki a Kano, Kaduna da Jigawa, ko masu shirya darussa irin na dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 har da Hausa a ciki, tambayarsu ita ce nuna mana abin da ka yi. A nan mai darasi biyar masu kyau a waya ya fi mai kundi shafi ɗari biyu. Kayan aikin kuma ba su gagari kowa ba: Audacity don murya kyauta ne, Moodle da H5P na shirya darasi a intanet kyauta ne, Kolibri, manhajar kai wa ɗalibai darussa, yana aiki ba tare da intanet ba, Canva da CapCut yaran unguwa ma sun iya. Kwamfuta ta hannu mai ɗan ƙarfi daga titin Beirut, makirfon maƙalawa a riga, da ɗaki mai labule da katifa don kashe amsa-kuwwa sun isa a fara. Ƙaramin abu guda da nake roƙo: a saita allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Darasin da ya rubuta wa yaro "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" ya fara koya masa kuskure tun daga take.

Duk jami'ar da mutum ya nufa, ya taka da ƙafarsa kafin ya biya kuɗin fom. Ya shiga laburaren sashe ya ɗauki kundaye uku na baya-bayan nan, ya ga ko akwai wanda ya bar wani abin da ake amfani da shi. Ya ce a nuna masa ɗakin ɗaukar sauti da hoto, ya lura ko ƙura ce a kan kayan ko sawun hannu. Sannan ya sami ɗaliban da suke shekara ta biyu a gindin bishiya, ya tambaye su mutum nawa ne a hannun kowane mai duba kundi, da yaushe na gabansu suka kare nasu. Amsarsu ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Matashin na ce ya yi PGDE a nan gida, ya nemi wata makarantar unguwa ya riƙa koyar da darasi ɗaya ko da kyauta ne, sannan ya nufi Zariya. Hannu yana da shi, abin da ya rasa ilimin yadda mutum yake koyo da malaman da za su murza shi, kuma ba shi da iyalin da za su riƙe masa ƙafa. Ɗiyata na tambaye ta ko tana hangen komawa kwaleji ta zama lakcara. Ta ce, "A'a Kawu, ni yaran nan nake so." Na ce to NOUN, da sharaɗin kowane zango ta fitar da darasi biyu na gaske ta gwada a ajinta, kundinta kuma ya zama a kan su. Da ta ce lakcara take so, da na ce ta zauna da maigidanta su yi lissafin Samaru.

Makon jiya ta turo mini na farko in duba: zagayawar jini, minti biyar, zanen zuciya da ta yi da hannunta a farar takarda tana bin jijiyoyin da jan biro da shuɗi, muryarta a kai. Na ce ta rage gabatarwar, ta matso da wayar kusa da takardar, ta kuma sake ɗauka bayan isha'i lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru. Ta gyara ta tura wa aji ranar Asabar. Ran Litinin yaran suka tare ta a bakin ƙofa suna tambaya yaushe za ta yi na ƙoda.